RA'AYINMU: KWALBAR YAWU DA MAGANAR ASALI

Duk wanda ya taɓa raka wansa neman aure a Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, ya san tambayar da dattawa sukan fara yi tun kafin a zo ga batun sadaki ko sana'ar yaro. Tambayar ita ce, ɗan gidan wane ne? In an faɗi sunan uba, sai a nemi na kaka. In an faɗi na kaka, sai wani tsoho ya sunkuyar da kai ya yi lissafi, can ya ɗago ya ce ai kakarsa ta wajen uwa da kakanmu ɗaki ɗaya suka fito. Da wannan lissafi na tsofaffi aka ƙulla aure, aka raba gado, aka naɗa masu unguwanni shekara da shekaru, ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba.

Yanzu kuwa ga wani sabon mai lissafi ya shigo gari. Kamfanoni na Amurka da Turai suna talla a intanet cewa mutum ya tofa yawu a 'yar kwalba, ya aika musu tare da kuɗinsa, bayan 'yan makonni su gaya masa inda kakanninsa suka fito, da waɗanda yake da dangantaka da su, har ma da kimanin lokacin da shi da su suka haɗa kaka. 'Yan'uwanmu da ke karatu a ƙasashen waje sun fara yi, suna baza sakamakon a Facebook, gardama kuma ta riga ta iso ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshin sakatariya. Wannan mujalla tana ganin ya wajaba ɗalibi ya fahimci abin nan tun bai zama makamin faɗa a hannun waɗanda ba su fahimce shi ba.

Yadda lissafin yake

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai wani zare mai ɗauke da bayanin gado, wanda masana ke kira Di-En-E. A shekarar 1953 ne Watson da Crick suka bayyana siffarsa a Ingila, bisa taimakon hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka. Zaren nan an naɗe shi ƙulli 46, rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma kowane rabi yana da haruffa wajen biliyan 3. Daga nan lissafin zumunta ya samo tushe. Ɗa yana ɗauke da kashi 50 cikin ɗari na gadon ubansa. Jika yana da kimanin kashi 25 na kakansa. 'Ya'yan wa da ƙane, ko taubasai, suna tarayya a kimanin kashi 12 da rabi. 'Ya'yansu kuma kashi 3 da 'yan kai, jikokinsu ƙasa da kashi ɗaya. Watau in an gwada mutum biyu aka ga yawan abin da suka yi tarayya a ciki, ana iya komawa baya a ƙiyasta zuriya nawa ke tsakaninsu da kakan da ya haɗa su.

Akwai hanya ta biyu mai nisan zango. Ƙulli ɗaya daga cikin 46 ɗin nan, wanda ake wa alama da harafin Y, maza kaɗai ke da shi, kuma yana bi daga uba zuwa ɗa kusan ba tare da ya gauraya ba, kamar yadda sunan gida yake bi. Sai dai lokaci lokaci, wajen kwafarsa, akan sami kuskuren harafi guda, kamar yadda almajiri yakan tsallake ɗigo in yana kwafar littafin malaminsa, duk wanda ya kwafa daga nasa kuma ya gaji kuskuren. In aka jera maza biyu aka ƙirga kurakuran da suka bambanta a kai, aka kuma san kimanin shekarun da akan yi kafin sabon kuskure ya auku, sai a ƙiyasta zamanin da uban da ya haɗa su ya rayu. Haka nan akwai wani ɗan guntun gado da ake kira na maitokondiriya, wanda ke bi ta wajen uwa kaɗai. Da shi ne Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson suka nuna a 1987 cewa jerin uwaye na dukkan mutanen da suka gwada yana komawa ga mace ɗaya da ta rayu a Afirka kimanin shekara 200,000 da suka shige.

Wannan ilmi ne na gaske, ba tsibbu ba ne, kuma ba mu ga dalilin da ɗalibin jami'a zai guje shi ba. Amma masu iya magana sun ce ko wane allazi da nasa amanu.

Inda ma'aunin yake gazawa

Da farko, gadon nan yana narkewa da sauri. Mutum biyu da suka haɗa kaka a hawa na huɗu, watau kakan kakansu ɗaya ne, kimanin ɗaya cikin goma na irinsu gwajin ba zai ga kome tsakaninsu ba, alhali kuwa 'yan'uwa ne na haƙiƙa. In aka ƙara hawa ɗaya, kusan rabi ne za su ɓace. To, jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, kuma 'yan shekaru kaɗan bayan haka Fulani a ƙarƙashin Salihi da Musa suka karɓi mulkin Dutse. Daga wancan lokaci zuwa yau an yi zuriya wajen bakwai. Ke nan gwajin da yawancin kamfanonin nan ke sayarwa numfashinsa ya kusa ƙarewa kafin ya kai zamanin jihadi, balle zamanin da ya gabace shi.

Na biyu, an gina teburorin lissafin nan ne bisa zaman aure irin na Turawa, mace ɗaya, kuma daga gidan da ba a haɗa dangi da shi ba. Mu kuwa zamanmu dabam ne. 'Yan uba suna tarayya a kashi 25, daidai da abin da ke tsakanin kaka da jika, daidai kuma da abin da ke tsakanin baffa da ɗan ɗan'uwansa. Na'ura ba ta iya rarrabe waɗannan uku da wannan adadi kaɗai, a ƙasar da gida guda yakan tara ɗakuna huɗu. Ga kuma auren zumunci, wanda ya yawaita a cikin Fulani da Hausawa. In an daɗe ana auratayya tsakanin gidaje biyu, gado ɗaya yakan zo wa mutum ta hanyoyi da dama, sai gwaji ya nuna dangi na nesa kamar na kusa. Daɗin daɗawa, masana sukan ɗauki zuriya ɗaya a kan shekara 30 ko kusa da haka. Amma wa bai san dattijon da ya haifi ɗan farinsa yana da shekara 22, ya haifi autansa yana da 70 ba? A irin wannan gida jika yakan girmi baffansa. Juya zuriya zuwa shekaru a nan sai da taka-tsantsan.

Na uku, ko ƙwararru sukan gyara lissafinsu. A 2013 an buga labarin wani reshe na ƙullin maza da aka samu a zuriyar Albert Perry, wani baƙar fata da ya rayu a Karolina ta Kudu a Amurka, daga baya aka sami irinsa a cikin ƙabilar Mbo ta Kamaru. Waɗanda suka fara nazarin sun ce reshen ya rabu da sauran tun shekara 338,000 da suka wuce. Wasu masanan suka sake lissafi da wani ma'aunin saurin kuskure dabam, suka rage dubban shekaru masu yawa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ƙiyasi ne, kuma ƙiyasi kullum yana da faɗi. Saboda haka in kamfani ya rubuto wa wani cewa shi da wane sun haɗa kaka shekara 300 da suka wuce, abin da yake nufi shi ne wataƙila 200, wataƙila 450.

Na huɗu, gwajin ba ya kiran suna. Yana iya cewa maza biyu sun fito daga tsatso ɗaya, amma ba zai ce sunan mai tsatson Bayajida ba. Labarin Bayajida da Daura da Hausa Bakwai, wanda Biram ta Garun Gabas a ƙasar Haɗejiya take cikinsa, labari ne mai daraja, ya kuma cancanci nazarin masana tarihi. Amma ba wani ƙashi ko gashi na Bayajida da aka ajiye wanda za a gwada na wani da shi. Duk wanda ya ce kwalbar yawu ta tabbatar masa shi jikan Bayajida ne, ko ta ƙaryata hakan, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Haka kuma waɗannan kaso da ake rubutowa, kaza daga Nijeriya, kaza daga Mali, kwatanci ne kawai da mutanen yau waɗanda kamfanin yake da samfurinsu. Ita kanta Nijeriya a 1914 aka haɗa ta, kakanninmu ba su san iyakarta ba.

Abin da lissafin ya koya mana

Duk da wannan, akwai darasin da muke so kowane mai karatu ya ɗauki alƙalami ya gwada da kansa. Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, haka abin yake ninkawa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci yaƙin da Sarki Kumbari ya kawo wa Dutse, shi kuwa ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, watau zuriya wajen goma da suka wuce. A wannan hawa kowane ɗayanmu yana da gurbin kakanni 1,024. Littafin ya kuma ce Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, ya auri 'yar Sarkin Dutse. Wannan zuriya ce kusan ta ashirin, inda gurbin kakannin mutum guda ya haura miliyan ɗaya. In aka kai hawa na talatin, adadin ya wuce biliyan, fiye da dukkan mutanen da ke doron ƙasa a wancan zamani. Ba yadda za a cike waɗannan gurabu sai in mutum ɗaya ya fito a wurare da yawa, kuma sai in jerin kakannina da naka sun shiga cikin juna.

Ma'anar wannan a fili take. Ɗan sarki da ɗan talaka na wannan yanki, in an koma baya isasshe, kakanninsu ɗaya ne. Wanda yake taƙama da jerin iyayensa maza yana taƙama ne da zare ɗaya tak cikin 1,024, sauran 1,023 kuwa bai san ko su wane ne ba. A cikinsu akwai malami da maharbi, akwai Bafillatanar ruga da Babarbariyar da ta biyo fatake, akwai Bawarje daga wajen Gwaram, akwai kuma, ko mun so ko mun ƙi, baiwa da bawa. Yankin nan ya ga hare-haren Ningawa a ƙarni na 19, ya ga yaƙe-yaƙen Sarkin Haɗejiya Buhari, ya ga Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895. Kowane ɗaya daga cikinsu ya tashi garuruwa, ya watsa iyalai, ya kuma haɗa jinin da da bai haɗu ba.

Binciken masana ma ya nuna zurfin wannan cuɗanya. A 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka bayyana wani reshe na ƙullin maza da suka sa wa suna V88, wanda ya yawaita a cikin masu magana da harsunan Cadi, dangin harsunan da Hausa take ciki, har ya kai fiye da kashi 90 cikin ɗari a wata al'umma ta arewacin Kamaru. Ana samunsa a cikin Hausawa, ana kuma samun danginsa na nesa a ƙasusuwan mutanen da na Turai. Masana suna danganta yaɗuwarsa da zamanin da Sahara take kore shar, da tafkuna da dabbobi, dubban shekaru kafin a gina ganuwar Kano. Wannan shi ne zamanin kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a cikin Jihar Yobe ta yau, wanda ya haura shekara 8,000. Amma Hausawa da yawa ba su da wannan reshe, kuma ba wanda ya isa ya ce Hausancinsu ya ragu. Bahaushe harshe ne da al'ada da zama tare suka yi shi. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka mai da bambancin asali abin wasa tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zage-zagi, da Katsinawa da Haɗejiyawa.

Inda haɗarin yake

Muna tsoron abu uku. Na farko shi ne gori. A 1936 ne doka ta haramta bauta baki ɗaya a Arewa, amma har yau akwai gidajen da ake raɗa a kansu in maganar aure ta taso. Akwai kuma masu hura wutar gaba tsakanin Hausawa da Fulani a kafafen sadarwa, a lokacin da rikicin manoma da makiyaya yake cin rayuka. In takardar gwaji ta faɗa hannun irin waɗannan, za su karanta abin da suke so ne kawai. Ku kuma matasan ma'aikata, da ku ne ake cike takardun shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ku ne gobe za ku zauna a kwamitin ɗaukar aiki. Ranar da wani zai kawo shawarar a auna jini kafin a ba ɗan ƙasa haƙƙinsa, ku zama na farkon da za su ce a'a.

Na biyu shi ne sirrin gida. Gwajin da aka yi don neman kakan kaka yana iya tono abin da ba a nema ba game da uba. Shari'ar Musulunci ta jingina nasabar ɗa ga auren da aka haife shi a ciki, ta kuma tsananta a kan zargin mace ba tare da shaidu ba, domin ta kare yaro da uwarsa. Saurayin da ya aika yawunsa don nishaɗi ya sani ba sirrinsa kaɗai ya aika ba. Ya aika rabin na mahaifiyarsa, da rabin na mahaifinsa, da wani kaso na 'yan'uwansa, ba kuwa wanda ya nemi izininsu.

Na uku shi ne, wa ke riƙe da bayanin? A 2023 ɓarayin intanet suka kai ga bayanan mutum kusan miliyan 7 na kamfanin 23andMe, kuma a watan Maris na 2025 kamfanin ya shigar da takardar karyewar arziki a kotu, aka shiga maganar wanda zai sayi rumbun bayanansa. Mutum yana iya sauya lambar waya ko ta asusun banki in an sace, amma ba ya sauya gadon jininsa. Mutanen wannan yanki ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, ba su kuma manta yadda rashin yarda ya kai ga dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 ba, abin da yara da yawa suka biya da ƙafafunsu. In aka yi sakaci da amanar jama'a sau ɗaya, ilmin da zai cece su ma sai su guje shi.

Ilmin nan kuwa muna bukatarsa ƙwarai. Kimanin jarirai 150,000 ake haifa da cutar amosanin jini kowace shekara a Nijeriya, kuma gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024, reshe ne na wannan fanni. Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, amma 'yan Afirka kaso ne ƙanƙane cikin waɗanda aka yi manyan bincike a kansu. A 2020 wani nazari na shirin H3Africa a kan mutum 426 kacal ya gano bambance-bambance fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. In ba mu koyi karanta wannan littafi da kanmu ba, wasu za su karanta mana, su sayar mana da fassarar.

Kiranmu

Ga hukumar Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da sauran manyan makarantun jihar, muna roƙon a ƙarfafa koyar da ilmin gado da na ƙididdiga, a kuma zaunar da malaman kimiyya da na tarihi da na harsuna da na Shari'a a teburi ɗaya a kan wannan batu. A Jami'ar Redeemer's da ke Ede, Farfesa Christian Happi da mutanensa suka karanta gadon ƙwayar cutar korona a watan Maris na 2020, na farko a Afirka. Abin da aka yi a Ede ana iya yinsa a Dutse. Ga gwamnati kuma, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Muna kira a yi aiki da ita a kan duk mai ɗibar jini ko yawu a ƙauyukanmu da sunan bincike, a tabbata an yi wa mutane bayani da Hausa ko Fulatanci, an kuma sami yardarsu. Al'ummar San ta kudancin Afirka ta rubuta wa masu bincike nata ƙa'idoji tun 2017, ba kuwa ta fi mu yawan masu digiri ba.

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai, kiranmu ya fi sauƙi, kuma ba ya cin ko kwabo. Hutu yana tafe. Kowa yana da waya mai ɗaukar murya a aljihunsa. Ka je ka durƙusa gaban kakarka, ko gwaggonka, ko baffan da ya rage a gidan, ka tambaye su wa ya haifi wa, daga wane gari aka taso, me ya taso da su, wace irin aska ce a fuskar kakanka kuma me take nufi. Ka nemi sunayen mata musamman, domin su ne suke fara ɓacewa. Ka rubuta, ka sa kwanan wata, ka ba 'yan'uwanka kofe. Mai sha'awar zurfafawa yana iya zuwa Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin gundumomi na zamanin Turawa suke. Muna kuma ba majalisar ƙungiyar ɗalibai shawara ta kafa kwamitin da zai tattara irin waɗannan rubuce-rubuce daga Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Buji, Birnin Kudu da Gwaram, bisa izinin masu su, a ajiye a laburare.

Masana wannan fanni da kansu suna cewa gwaji ba ya da amfani sosai sai an jingina shi da jerin sunaye da aka riga aka sani. Kwalbar yawu tana nan, za ta jira ka shekara goma, ta ma ƙara araha. Tsohuwar da ta san sunan kakar kakarka kuwa, Allah kaɗai Ya san damina nawa ta rage mata. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya kuma ƙarfafa zumuncin da ke tsakaninmu, amin.

Edita